Ta Iso Hannuna

Mahaifina masinjan kotu ne. Na daɗe ban iya faɗin haka a gaban mutane ba. In an tambaye ni sai in ce ma'aikacin shari'a ne, in bar mai tambaya ya ɗauka alƙali ne ko magatakarda. Gaskiyar magana, shekara goma sha tara ya yi yana yawo a kan keke da jakar fata a rataye, yana kai wa mutane sammaci da takardar tashi daga gida. Duk layin da ya shiga, mata sai su leƙo su ga ƙofar wa zai jingina kekensa. Har ya tsufa sunansa bai canza ba, Baba Masinja.

Ya sha ba ni labarin ranar da aikin ya fita masa a rai. Ya raka wakilin wani mai gida wurin wata tsohuwa mai haya. Ta shimfiɗa musu tabarma, ta kawo ruwa. Wakilin ya nuna mata inda za ta dangwala, ya ce shaida ce kawai cewa takarda ta zo. Baba ne ya riƙe mata tawadar. Bayan sati uku ya bi ta layin ya tarar da katifarta da tukwanenta a bakin titi, tana zaune a kan akwati. Da ya koma ofis ya nemi takardar ya karanta. A saman yatsanta an rubuta cewa ta karɓi sanarwar tashi.

“Karɓa kalma ce mai baki biyu,” haka yake cewa. “In na miƙo maka takarda ka riƙe, ka karɓa. In na kawo maka magana ka yarda da ita, nan ma ka karɓa. Kai kana nufin ta farko, lauyan mai gida ya karanta ta biyu.”

Bai ajiye aiki ba, yana da baki huɗu da zai ciyar. Amma daga ranar duk takardar da ya kai sai ya tsaya ya karanta wa mai ita a fili, har sau biyu aka ja masa kunne a ofis. Da ya yi ritaya sai ya ɗauko bencin ƙofar ɗakinmu a ka, ya kai shi gindin wata bishiya a jikin katangar kotu, ya zauna da biro biyu a aljihu. Duk ɗan hayar da ya zo da takarda yana jujjuya ta, Baba ya karanta masa, ya gaya masa kwana nawa doka ta ba shi. Kuma ya koya wa kowa abu ɗaya. In wakilin mai gida ya ce ka sa hannu, ka juya bayan takardar ka rubuta: Ta iso hannuna yau, ranar kaza. Ban ce komai ba tukuna. Kwanan watan yana hana wakili ya mayar da lissafi baya, sauran kalmomin kuma suna hana a ce ka amince. Wanda bai iya rubutu ba, Baba ya rubuta masa ya dangwala.

Daga wannan bencin ƙungiyarmu ta fito. Wani matashin lauya da ake kira Lauya Dogo, wanda a lokacin ba shi da ofis ba shi da mai neman sa, ya zauna wata rana a gefen bencin don ya huta. Ya ji Baba yana yi wa wata mata bayani, ya gyara masa wani wuri, Baba ya gyara masa wurare biyu. Washegari ya dawo. Cikin shekara guda yana tsaya wa 'yan haya a kotu kyauta, Baba yana tara masa su a waje. Daga baya suka samu ɗaki biyu a saman wani shagon faci, inda in ana buga taya sai kofin shayi ya yi rawa a kan tebur. Aka yi rajista da wani dogon suna da ba wanda ya taɓa faɗa. Har yau in ka hau mota ka ce a sauke ka a Benci, direba ya san wurin. Bencin ma da kansa aka hau da shi bene, aka ajiye shi daf da ƙofa.

A ƙarshen bencin nan na yi aikin gida na makaranta tun ina aji uku. In an tashi mu koma gida tare, ina bayan keke. Gidan haya ne mai ɗaki goma sha ɗaya da tsakar gida ɗaya, famfo ɗaya, banɗaki biyu. Namu ne ɗaki na huɗu. A cikinsa aka haife ni, a cikinsa Mama ta rasu. Akwai ƙusa a bayan ƙofa inda jakar fatar take rataye. Ɗaki na biyar na Maman 'Yan Biyu ne, tela, wadda ta ɗinka mini kayan makaranta tun daga firamare har na gama sakandare, tana sakin tsawo kowace shekara don kada a sayi sabon yadi. Ɗaki na tara na Kawu Direba ne, wanda ba kawuna ba ne, amma shi ya kai ni jami'a da akwatina a bayan motarsa.

Da na zama lauya, gidan nan bai huta ba. Baba ya daina kiran sunana, sai Lauya. In ana gardama a bakin famfo kan ko za a yi ruwa, sai ya ce a bari Lauya ta zo. Hotona da baƙar riga ya rataya a saman gadonsa, duk baƙon da ya shigo sai an nuna masa. Ni kuwa tun da na yi aure na koma unguwar da ake shara, na rage zuwa. Na roƙe shi ya dawo gidana ya fi sau goma, ya ce ɗakinsa bai kore shi ba. In na je nakan ajiye mota a bakin babban titi in ƙarasa da ƙafa. Nakan ce layin ne ya yi ƙunci, amma motar Kawu Direba ta fi tawa girma kuma kullum tana shiga.

Shekara shida ina aiki a Benci, Lauya Dogo ya kwanta ciwo ya miƙa mini ofis. A lokacin mun zama lauya uku da mai buga takardu. Na samo masu tallafi, aka kawo kwamfuta, aka yi fenti, aka sa labule. Abu ɗaya ya tsone mini ido, layin Baba. Mutane su cika matakala tun safe, shi kuma yana zaune yana rubuta wa kowa jimlarsa da hannu, yana tambayar yara da mai jiki. Mutum ɗaya sai ya ci rabin awa. Ga shi idonsa ya fara rauni, yana kai takarda har bakin hanci, in an yi magana ya ce hasken ɗakin ne.

Sai na zauna na tsara fom. Sarari na suna, sarari na lambar ɗaki, sarari na kwanan wata, da hatiminmu a ƙasa. Ɗan haya ya ɗauka ya ajiye, ranar da wakili ya zo ya cike ya miƙa masa. Na rubuta shi da harshenmu don kowa ya gane, na kuma yaba wa kaina a kan haka. Layin farko yana cewa: Ni, wane, na karɓi sanarwar tashi daga ɗaki mai lamba kaza. Na san jimlar Baba kamar yadda na san sunana. Na bar ta ne don a kunnena ta yi kama da maganar bakin titi, ba ta dace da takarda mai hatimi ba. Aka buga dubu biyar.

Ranar da aka kawo su muna da baƙi biyu daga wurin masu tallafi. Ina nuna musu ofis, na hangi Baba ya zare fom ɗaya ya ba mai buga takardu ta karanta masa. Ya sa ta maimaita layin farko. Sai ya taso ya tsaya a gefena har na gama magana.

“Lauya, akwai kalma ɗaya a nan,” ya ce a hankali.

Na san wadda yake nufi. Na juya wurin baƙin na yi murmushi, na gaya musu da harshen kotu cewa wannan dattijon shi ne tarihin ofishinmu. Ban ce mahaifina ne ba. Suka yi masa hannu, ɗaya ya ɗauki hotonsa. Sannan na ce masa, “Baba, wancan zamanin ya wuce. Babu alƙalin da zai karanta shi haka yanzu. Kuma an riga an buga.”

Ya dube ni, ya dubi kwalayen. Ya ce, “To.”

Shekara goma sha tara yana kai takardu da harshen kotu, kuma na yi magana a gabansa kamar ba ya ji. Wannan bai zo mini a rai ba sai da daɗewa.

A satin na sa aka fitar da bencin baranda, na ce iska ta fi kyau a can. Ya ci gaba da zuwa yana zama, mutane suna gaishe shi su wuce su ɗauki fom. Daga kullum ya koma sau biyu a sati, daga nan ya daina. Layi ya ragu, rahotonmu ya yi kyau. Shekara biyu fom yana yawo a gari ba a samu matsala ba, ni kuma ina ƙara kumbura.

Sai mai gidan su Baba ya rasu, magada suka sayar wa wani da yake son ya rushe ya gina shaguna. Wakilinsa ya kawo takarda, kowa ya tashi cikin kwana talatin. A doka, mutanen da suka daɗe haka wata shida ya kamata a ba su, sai fa in sun amince da ƙasa da haka a rubuce. Ba wanda ya yi zaton za a hana rushe gidan. Wata shidan ake so. A cikinsu mutum zai nemi ɗaki a kusa, tela ba za ta rabu da masu kawo mata ɗinki ba, kuma 'yan biyunta, da suke ajin ƙarshe na sakandare, za su zauna jarrabawa daga gida.

Ina wani gari wurin taro a ranar. Abin da ya faru Kawu Direba ne ya gaya mini daga baya. Maman 'Yan Biyu ta hau mota ta je Benci ta ɗauko fom goma sha ɗaya. Aka taru a tsakar gida, wakili yana tsaye yana duba agogo. Baba ya ce a ajiye fom ɗin, a juya bayan takardar wakili a rubuta kamar da.

Maman 'Yan Biyu ta yi dariya. “Haba Baba, ga na Lauya da hatimi da komai, mu koma rubutun hannu? Ko kana nufin 'yarka ba ta san aikinta ba ne?”

Wasa take yi. Amma gida ya cika, har da matan maƙwabta da wakilin kansa, kowa ya zuba masa ido. Kawu Direba ya ce Baba ya daɗe yana murza hularsa a gwiwa.

“Ta sani,” ya ce.

Ya karɓi biro, ya sa aka nuna masa wurin, ya fara sa hannu. Da aka ga Baba Masinja ya sa, ba wanda ya ƙara tambaya.

Da na dawo na shigar da ƙara ina neman wata shida, hankalina kwance. Har na ce wa Maman 'Yan Biyu ta ci gaba da karɓar ɗinki. Lauyan mai gidan ajinmu ɗaya a makaranta, mutum ne mai sanyin murya da ba ya gaggawa. Ya tashi ya ɗaga fom ɗinmu, ya karanta layin farko sau biyu. Tun a karatun farko na gane inda ya dosa. Ya ce ga sanarwa ta kwana talatin, ga mutum goma sha ɗaya sun rubuta sun karɓe ta, a takardar da lauyoyinsu suka tsara musu. Na tashi na ce kowa ya san karɓa a nan na nufin takarda ta shiga hannu. Ya ce to, bari a tambayi wanda ya fi kowa sani. Ya nemi a kira mai ɗaki na huɗu.

Baba ya fito yana laluben katakon akwatin shaida. Aka rantsar da shi.

“Baba, ni ma na san ka tun ina ɗalibi,” lauyan ya ce. “Shekara nawa ka yi kana hana 'yan haya rubuta na karɓa?”

“Ashirin da wani abu.”

“Me ya sa kake hana su?”

Na tashi na ƙalubalanci tambayar, alƙali ya ce in zauna. Baba bai taɓa yin ƙarya a kan rantsuwa ba, kuma na san ba zai fara ranar ba.

“Saboda ana iya karanta ta da ma'anar na yarda,” ya ce.

“Ka san da haka ranar da ka sa hannu a wannan?”

“Na sani.”

“Ka kuma sa.”

“Hannuna ne. Ni na sa.”

Bai kalli inda nake ba ko sau ɗaya. Da a ce ya faɗa cewa 'yarsa ce ta rubuta, ya gaya mata ta ƙi ji, da wataƙila alƙali ya sassauta. Ni ma da na tashi na faɗa da bakina, da wataƙila. Ina zaune da baƙar riga, bakina a rufe. Alƙali ya ce wa'adin kwana talatin ya tsaya, ya ƙara musu sati biyu don tausayi.

Ranar kwashe kaya na zo da babbar mota ta haya, wannan karon har ƙofar gida. Na shirya wa zagi, na ma so a zage ni. Ba wanda ya yi. Maman 'Yan Biyu tana ɗaure keken ɗinkinta a kan kura da tsohon zani. Ta ɗago ta ce, “Lauya, sannu da zuwa. Ya maigidan? Ya yaran?” Na amsa ina kallon ƙasa. Na ce ta kawo kayanta a sa a motar, ta ce an gode, mai kura ya riga ya zo. Da ta ɗaga hannu ta mare ni da na fi samun sauƙi.

A ɗaki na huɗu na tarar an fitar da komai, Baba yana tsaye a bayan ƙofa da filaya yana fama da ƙusar jakarsa. Na ce ya bari, akwai ƙusa a gidana. Ya ci gaba har ta fito, ya sa ta a aljihu.

Haka ya dawo gidana, abin da na shekara goma ina roƙo. Na ba shi ɗaki mai banɗaki a ciki da taga mai kallon bishiya. Yana cin abinci, yana wasa da jikokinsa, yana gode mini a kan komai, har a kan ruwan sha. Bai taɓa ta da maganar ba. Hotona mai baƙar riga yana cikin akwatinsa, bai ce a rataya ba, ni ma ban tambaya ba. A ofis na sa aka tattara sauran fom ɗin, muka bi unguwa unguwa muna karɓo na hannun mutane, aka buga sabo da jimlarsa kalma da kalma. Na sa aka mayar da bencin ciki. Da na gaya masa ya ce madalla, amma bai koma ba.

Bara Benci ta cika shekara talatin, aka ce in rubuta tarihinta a ɗan littafi. Na rubuta, na kawo na karanta masa da rana bayan ya ci abinci. Ya yi dariya a wurin Lauya Dogo, ya gyara mini shekarar da aka koma saman shagon faci. Da na kai shekarar fom sai na ƙara sauri. Abin da na rubuta shi ne, a wannan shekara an samu kuskure a wata takarda, wanda aka gyara daga baya.

“Tsaya,” ya ce. “An samu? A ina aka same shi, a bakin hanya?”

Na sauke littafin.

“Ci gaba, Lauya. Tambaya kawai na yi.”

Ban iya ci gaba ba. Kwana uku ina shiga ɗakinsa da niyyar magana, in ƙare da tambayar ko ya sha magani. Ni da nake tsayawa gaban alƙali awa biyu ba takarda, na kasa haɗa kalma biyar. A ƙarshe na yi abin da na iya, na rubuta. Na sa komai, kalmar, baƙin, tarihin ofishinmu, barandar, da shirun da na yi a kotu. Na shiga na sa masa a hannu na juya zan fita.

“Ina za ki? Kin san idona. Karanta mini.”

Na tabbata da gangan ya yi. Na durƙusa a gaban gadon na karanta tun daga farko har ƙarshe, shi yana sauraro da kai a sunkuye. Da na gama ya miƙo hannu na ba shi. Ya laluba aljihu ya ciro biro, har yanzu biyu yake sawa. Ya juya bayan takardar ya kai ta bakin hanci. Na san abin da zai rubuta, na kuma san na cancanta. Ya daɗe yana rubutu, manyan baƙaƙe a karkace, ya miƙo mini.

Na karɓa, ya rubuta.

Na kifa kai a gefen katifa na yi kukan da ban yi ba tun rasuwar Mama. Ya bar ni na yi. Sannan ya ce in tashi in ɗauko takarda.

“Tawa mai sauƙi ce, ni na haife ki,” ya ce. “Saura ɗaki goma. Ki rubuta wa kowa tasa, ki kai da ƙafarki. Ki bar wuri a ƙasa in sa hannu. Ke kin yi kuskure ba ki sani ba sai daga baya. Ni na sani, na duba fuskarki na bar ɗakunan mutane.”

Ya lissafo su daga ɗaki na ɗaya zuwa na sha ɗaya bai tsallake kowa ba. Na rubuta goma, kowace kofi biyu, ya sa hannu a ƙasan nawa.

Na samu bakwai zuwa yanzu. Uku ba wanda ya san inda suka nufa. Kawu Direba na tarar a tasha, ya saurara har ƙarshe, ya ce in da ya san haka zan zama da ya juya da ni gida tun a hanyar jami'a, ya yi dariya ya sa mini albarka. Wasu sun ce ya wuce. Wata ta ce Allah ya yafe mana duka, ta koma wankinta.

Maman 'Yan Biyu ce ta bakwai. Sai da na yi wata biyu ina tambaya kafin aka kwatanta mini, can ƙarshen gari bayan wata masana'antar bulo, inda mota take juyawa. Ɗaki ɗaya ne, rufin kwano ba silin. Na duba ban ga keken ɗinki ba. Ta ce masu ɗinkinta ba su biyo ta nan ba, yanzu tana yi wa wani tela kalmasa da sa maɓalli a shagonsa. Na tambayi 'yan biyu. Ɗaya ta zauna jarrabawa daga gidan ƙawarta. Ɗayar ta yi sati uku tana tashi tun asuba ta hau mota biyu, daga nan ta daina zuwa.

Ta ba ni kujera, ta kawo ruwa, ta tambayi jikin Baba. Na ce na zo da takarda ne, in ta yarda in karanta. Ta ce bismillah. Na karanta tana zaune a bakin gado tana warware wani zare a yatsa. Ba ta katse ni ba. Da na gama na miƙa mata kofi biyun, ta duba sa hannun Baba ta daɗe a kansa.

“Kina da biro?” ta ce.

Na ba ta.

“Yau nawa ga wata?”

Na gaya mata. Ta ɗora kofi ɗaya a gwiwa, ta juya bayansa, ta yi rubutu da ƙananan baƙaƙen da take rubuta awo da su. Ta ninke, ta ba ni, ta riƙe ɗayan. Ta raka ni har bakin hanya, ta ce in gaida yara.

Ban buɗe ba sai da na shiga mota. Ta iso hannuna yau, ta rubuta, da kwanan wata. Ban ce komai ba tukuna.

Da na koma gida Baba ya tambaya, na karanta masa. Ya gyaɗa kai ya ce, “Ta rubuta daidai.”

Takardar tana cikin aljihun teburina a Benci. Wata takwas ke nan, ban canza lambar wayar da ta san ni da ita ba.